Goggo Hawwa'u da Matattun Cikin Talabijin

A ɓangarenmu na unguwar Dogo Nini, in mace ta rasu, kafin a aika wa liman an aika wa Goggo Hawwa'u. Ita ce mai wankan gawar mata, ni kuma mai zuba mata ruwa. Mun daɗe a haka, tun maigidana yana raye, Allah Ya jiƙansa. Ita tana wankewa, ni ina tsaye da moɗa, ba na cewa komai sai ta ce in ƙara. In ka yi shekaru kana kallon hannun mutum yana aiki, kana iya saninsa fiye da abokin hirarsa. Abin da na gani shi zan faɗa.

'Yar Gadaka ce, aure ya kawo ta Potiskum. Mijinta dillali ne a kasuwar shanu, ya daɗe da rasuwa. Har yau in ranta ya ɓaci Hausarta sai ta karkace, harshen garinsu ya leƙo ta ƙarƙashi. Da fari waina take toyawa a ƙofar gida, kuma wainar ta yi suna. Wankan ta koye shi ne a hannun wata tsohuwa, Baba Sauda, wadda ta riƙe aikin kafin ita. Tana fara shiga ɗakin gawa ciniki ya soma ja da baya. Ba wanda ya faɗa mata magana. Yara ne dai suka daina zuwa da kwanuka, yau wannan gobe wancan, don akwai iyayen da ba sa son abincin hannun da ya taɓa mamaci. Ta kife tandarta a bayan ɗaki, ta koma ƙulla kayan miya. Ban taɓa jin ta ce da ta sani ba.

Abin da baƙo ba zai zata ba shi ne, duk unguwar babu mai son kallo kamarta. Ɗanta Mu'az, mai tuƙa Keke Napep tsakanin unguwar Yerimaram da kasuwa, shi ya sa mata sola a kan rufi ya sayo talabijin. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "mai keken nan". Shi ke biya wa wajen masu turin fina-finai a kasuwa a cika masa filashi, ya kawo. Bayan La'asar mukan taru a ɗakinta har a kira Magariba. Ana kiran sallah za ta ce a kashe, ko da wuƙa ce aka ɗaga a cikin shirin.

Mu ba mu da yawa. Akwai ni. Akwai Inna Auta, tsohuwar Bafillatana mai sayar da man shanu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, take zaune ita kaɗai a wani ɗan gida a bayanmu. Akwai Nguavese, da muke kira Maman Terkula, 'yar Tibi ce daga Binuwai, ta yi aikin asibiti a garin nan har ta yi ritaya, kuma ba ta koma gida ba. Ita ke mana fassara in shirin na Turanci ne. Sai Raudatu, matar Mu'az, Maman Jamalu, mai suyar awara a ƙofar gida, wadda rimot ke hannunta kullum, don mu sauran in muka danna sai hoton ya ɓace.

Inna Auta da Maman Terkula ba sa zama sai sun taɓa juna, irin wasan da ke tsakanin Fulani da Tibi. Inna Auta takan ce ba za ta yarda da fassarar wadda kakanninta suka cinye musu shanu ba, sai an biya tukuna. Maman Terkula kuma ta ce ai saniyar ma ramammiya ce, ƙashi kawai suka samu, su ne ma ya kamata a biya kuɗin itacen da suka ƙona.

Mata har daga wasu unguwanni kan aiko a tambayi Goggo abin da ya cancanci kallo, kuma ba ta kame-kame wajen amsa. Tana da ma'auninta. Shiri mai kyau a wurinta shi ne wanda mutane ke gaisawa a cikinsa, suna cin abinci, in an yi mutuwa kuma gidan ya canza. Ta yaba wani wasan barkwanci na 'yan haya da ke raba rijiya ɗaya, mai gidan yana ji sarai amma sai ya kurumce da zarar an zo maganar gyaran rufi. Wannan ta ce kowa ya kalla, har da siriki a ɗaki ba za a ji kunya ba. Ta yaba wani na Koriya, na uwa da 'yarta masu sayar da taliya, kullum suna faɗa, kullum suna shiryawa a bakin tukunya. Cikin namu na Hausa masu dogon zango ta fi son na wata ungozoma a ƙauye, ta ce wanda ya shirya shi ya taɓa zama a bakin ɗakin haihuwa yana jira. Amma wanda za a gaya wa mace ubanta ya rasu, ta fasa ihu kwalliyarta ko motsi ba ta yi ba, ta ce a cire shi daga filashin, yana cin wuri. In an kwantar da ɗan wasa a matsayin gawa, ita ba fuskarsa take kallo ba, ciki take kallo da babban yatsan ƙafa. Takan ce wannan mamacin yana da sauran kwana, ga shi yana numfashi kamar ya yi gudu.

Lokacin da nake takaba, ita ta aiko min da wayarta da wasan 'yan hayar nan a ciki. Na mayar, na ce ban ga ya dace ba. Ta zo da kanta ta zauna a bakin gadona, ta ce ado aka hana ni da turare da fita, ba ta ji inda aka hana dariya ba, in kuma ina shakka in tambayi malam. Na tambaya. Na kalla.

Damuwarta ɗaya ce, kuma duk mun san ta. Hannuwanta sun fara gajiya. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, da sanyin safiya ba ta iya matse tsumma. Ni ba zan iya gadarta ba, don na kusa kai ta shekaru, bayana kuma ba ya barin in juya mutum. Ta nemi 'yan mata da matasan matan unguwa, kowa ta ce Allah Ya ba da lada, ta zame. Wata rana muna dawowa daga wani wanka ta tsaya a hanya tana murza yatsunta, ta ce da ni ita ba mutuwarta take tsoro ba, tsoronta ranar da za a rasu a rasa wadda za ta shiga, a tsaya ana kallon-kallo a tsakar gida, ko a ɗauko wata daga nesa wadda ba ta san matar ba, ta wanke ta kamar kwano.

Idonta yana kan Raudatu. Mace ce mai ƙarfi, mai tsabta, kuma ba ta da surutu, wanda shi ne rabin aikin, don abin da aka gani a ɗakin wanka a can ake barinsa. Amma Raudatu ba ta ko iya jin kalmar gawa. A shekarar korona mahaifiyarta ta rasu a Kano, an rufe iyakokin jihohi, ba ta samu zuwa ba. Ta waya aka ce mata an kai ta. Tun daga nan ko gaisuwar mutuwa ta je a tsakar gida take tsayawa, ba ta leƙa ɗaki. In Goggo ta dawo daga wanka, sai ta tsiri wanke-wanke a can bayan gida. Ga kuma awararta, ta san labarin tandar da ke kife a bayan ɗaki. Goggo ta taɓa yi mata maganar sau ɗaya, ta ce don Allah a yi mata afuwa. Ba ta sake ba.

Ana haka Terkula ya aiko wa mahaifiyarsa wani shiri daga Abuja, ya ce ana yayinsa. Na Turawa ne, a wata ƙasa mai ƙanƙara. Annoba ta cinye mafi yawan mutane, garuruwa sun zama kango, sai wasu 'yan tsiraru suka bi layin dogo da ƙafa suna neman wani gari da aka ce injin niƙa yana aiki a can, wato akwai mutane da hatsi. Sunayensu sun yi mana nauyi a baki, sai muka raɗa musu namu. Jagorarsu muka kira ta Mai Jar Hula, akwai ƙanwarta, akwai Dogo, akwai wani tsoho mai tari da muka ce masa Baba Tela don shi ke ɗinke musu takalma. Mu dai "masu tafiya" muke ce wa shirin. Raudatu ta kamu da shi fiye da kowa. Takan kwashe awara da wuri ta bar wa Jamalu kaskon ya huce, don kada a fara ba ita.

Ba a yi nisa ba Baba Tela ya mutu a gefen layin dogon. Suka lulluɓe shi da bargo, Dogo ya cire masa takalmi ya rataya a wuya, suka ɗauki kayansu suka wuce.

Goggo ta ce, "Maman Jamalu, tsayar."

Ta tsayar. Goggo ta ce a mayar da shi baya, wataƙila idonta ne. Aka mayar. Ta tambayi Maman Terkula ko sun ce za su dawo. Ta ce ba su ce ba, sanyi ne ya matsa musu, ƙasa ta daskare, kuma suna tsoron ciwon. Goggo ta ce in ƙasa ta daskare ai ga duwatsu nan zube a kan dogon. Ta gyara zama, Hausar ta fara karkacewa. Ta ce in aka bar mamaci ɗaya a yashe, laifin yana kan duk wanda ya sani bai yi komai ba, kuma ga shi mu ma mun sani. Maman Terkula ta yi dariya, ta ce Goggo, waɗannan fa ba Musulmi ba ne, kuma wasa ne, tsohon nan ana gama ɗauka ya tashi ya sha shayinsa. Goggo ta ce ta sani, ba yau ta fara kallo ba. Abin da ya dame ta shi ne wanda ya rubuta yana ganin haka ɗan Adam zai zama in wuya ta yi wuya, alhali mu ma mun ga shekarar da tsofaffi suka yi ta tafiya a garin nan, masu haƙa kabari suka gaji, amma ba a bar kowa a kan hanya ba.

Na zaci za ta ce a cire shi. Ba ta ce ba. Ta ce shirin yana da kyau, ana raba gishiri a cikinsa da adalci, ana ɗaukar mara lafiya a baya, mutanen ne dai ba su samu tarbiyya ba. Sai ta ce tunda su ba su yi ba, bari ita ta faɗi abin da ya kamata a yi, ko ta samu sauƙi a ranta. Da hoton tsaye a kan bargon nan, ta fara: a rufe masa ido, a ɗaure haɓa kafin ta sandare, a miƙar da hannuwa da ƙafafu a hankali. Sannan ta ce a ci gaba.

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Shiri ne da ake mutuwa a cikinsa kamar ana tsinkar kuɓewa, kuma duk wanda ya faɗi sai an tsayar. Goggo ta yi masa sutura da baki, daga inda ta tsaya a kan na baya. Yau ruwa, kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, kamar wanda za ka yi wa jariri. Gobe yadda ake rufe tsiraici da zane ba a buɗewa har a gama, da yadda ake naɗe hannu da tsumma. Jibi alwala, da farawa da dama, da ganyen magarya, da kafur a ruwan ƙarshe. In mace ce a tsefe kai, a wanke, a yi kitso uku a mayar baya. Inna Auta ta riƙa ƙorafi, ta ce a wannan tafiyar su masu tafiyar za su isa garin niƙa mu ba mu isa ba.

Ni kuwa Raudatu nake kallo. Matar da ke tashi in an ambaci makara, ga ta zaune daram, don rimot yana hannunta kuma tana son ganin abin da zai faru. Da fari takan kawar da kai ta kalli bango. Daga baya ta daina. Wata rana Goggo na bayanin yadda ake tallafe ƙeya in za a juya mutum, na ga hannun Raudatu na hagu ya buɗe a kan cinyarta, ya ɗan lanƙwasa, kamar akwai kai a ciki. Na ɗaga ido, na ga Goggo ma ta gani.

Ranar da abin ya fashe, ƙanwar Mai Jar Hula ce ta mutu, a cikin wani tsohon taragon jirgi. Raudatu ta tsayar da kanta, ba a ce mata ba. Muka jira Goggo. Goggo tana ɓare gyaɗa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai Raudatu ta ce ko idonta ba su rufe ba. Ta ce ga ruwa nan a kan wuta sun ɗora don shayi, ai ya isa a sirka. Ta ce yayar ce ya kamata ta kori mazan waje, ta yage labulen nan ta rufe ta, ta fara da dama. Tana ta faɗa tana nuna hoton da rimot, har ta kai kan kitso. Ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Inna Auta ce ta ɓata. Ta tafa hannu ta ce, "Barkanmu, ga ƙaramar Goggo ta fito."

Raudatu ta juyo. Ta kalli surukarta, ta ajiye rimot a kan tabarma a hankali.

"Goggo, ashe karatu ake ba ni."

"Da farko ba da niyya ba ne," in ji Goggo. "Daga baya da niyya ne."

Raudatu ta ce ita ta riga ta faɗa ba za ta iya ba, ba ta iya ganin uwar da ta haife ta ba, ba za ta fara da uwar wani ba. Ta ce kuma da awarar nan take saya wa 'ya'yanta sabulu, ba ta shirya kife kaskonta ba. Ta tashi ta fita. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba.

Daga nan ta daina zama da mu. Gaisuwa tana nan, abinci yana zuwa a kan lokaci, amma bayan La'asar sai ta shige ɗakinta. Mu'az ya tura mata shirin a waya, muna jin kiɗansa ta taga. Mu kuma muka koma fama da rimot, Maman Terkula ta danna mu faɗa wani wuri, Inna Auta ta ce Tibi sun cinye hoton ma. Mu'az ya zo ya durƙusa ya ce a yi haƙuri da ita. Goggo ta ce wa bango, ba shi ba, a gaya wa mai keken nan ba a yi faɗa ba, yarinya ta faɗi gaskiyarta, ita ma ta faɗi tata. Na ce wa Goggo ko ta yi gaggawa. Ta ce a'a, abin ya riga ya shiga, ba a fitar da shi. Ko ta yi amfani da shi ko kada ta yi, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Ni ban kai ta natsuwa ba a lokacin.

Da damina ta kankama, abu biyu suka haɗu. Goggo ta zame a bakin rijiya, ta dafa da hannun dama, ƙashin wuyan hannun ya tsage. Mai ɗori ya zo ya ɗaure shi da karare, ya ce kada ya taɓa ruwa, kada ya ɗaga ko cokali. Inna Auta kuma ta kwanta. Ciwon bai yi kama da mai tafiya da mutum ba, amma ita ta sani. Da muka je duba ta, ta riƙe gefen zanen Goggo ta ce ita dai ba ta da 'ya, kuma tunda take ba wanda ya taɓa ganin jikinta, kada a bari baƙuwar ido ta tsaya a kanta. Goggo ta ce in Allah Ya so.

Da hantsi Inna Auta ta cika, ranar da rana ta buɗe bayan ruwa, gari ya ɗauki zafi. Maza suka tafi haƙa, liman ya ce a shirya ta kafin Azahar. Aka aika Yerimaram wurin wata mai wankan, aka ce ta tafi suna Gashuwa. Wani ya ce akwai wata a can bayan tasha, a je a nemo ta. Goggo ta ce a dakata. Maman Terkula ta hura wuta a tsakar gida ta ɗora ruwa, idonta jawur, ta ce hayaƙi ne. Ita ba za ta shiga ba tunda ba Musulma ba ce, ta san iyakarta, amma ta ce ba wanda zai dafa wa wannan Bafillatanar ruwa sai ita.

Muka shiga mu biyu. Goggo ta ce za ta gwada da hagu, ni in tallafa. Muka gwada. Inna Auta ba ta da nauyi, amma bayana ya riƙe tun kafin in ɗaga kafaɗarta, hannun hagun Goggo kuma yatsun ba sa rufuwa. Muka mayar da ita. Muka tsaya. Na ce ko in kira Maman Jamalu. Ta ce kada in kuskura, wannan aikin ba a jawo mutum cikinsa.

Sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Raudatu ce, da ƙullin ganyen magarya a hannu, ta ce Goggo ta manta shi a kan turmi. Tunda nake da Goggo ban taɓa ganin ta manta magarya ba. Ko mantuwa ce ko ba ita ba ce, ban tambaya ba har yau. Raudatu ta miƙo daga waje, fuskarta a juye. Hannun Goggo a ɗaure, ni kuma ina riƙe da bokiti. Ba wanda ya karɓa. Dole ta tako ciki don ta ajiye.

Tana sunkuyawa idonta ya faɗa kan Inna Auta. Ɗankwalin ya zame, kitson ya fito, ƙananan shuku ne da suka fara tsufa. Raudatu ce ke yi mata kitso tun da hannun tsohuwar ya daina kaiwa ƙeya. Ta daɗe a sunkuye.

Ta ce, "Ni na yi mata shi. Bari in tsefe kawai, in kuka ja zai yi mata zafi."

Goggo ba ta ce mamaci ba ya jin zafi ba. Ta matsa gefe ta ba ta wuri.

Raudatu ta zauna ta ɗora kan a cinyarta ta tsefe. Da ta gama ba ta tashi ba. Ta kalli zanen da muka rufa, ta ja shi ya sauka daidai, ta ɗauki tsumma ta naɗe hannunta, ta yi bisimilla. Sannan ta ce da ni, ba ta ɗaga kai ba, "Inna, zuba."

Na zuba. Goggo tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, hannunta a ƙirji. Duk wankan magana biyu ta yi: sau ɗaya ta ce a hankali da gwiwar hannu, sau ɗaya ta ce kafur ɗin ya isa. Abin da muka gani a ɗakin yana ɗakin. Kafin a kira Azahar maza sun ɗauki makara, Inna Auta tana cikin likkafaninta fes, ba baƙuwar ido da ta tsaya a kanta. Raudatu ta fita bayan ɗaki ta yi kuka mai yawa, na ji tana kiran mahaifiyarta. Goggo ta hana kowa zuwa wurinta.

Ba zan ce abin bai taɓa awarar ba. Ya taɓa. Wasu gidajen sun janye yaransu, wasu sun dawo bayan kwana biyu, wasu har yau. Raudatu ta rage waken da take jiƙawa, ta ci gaba da suya. Ta faɗa wa Goggo a gabana cewa ita ba ta yi alkawarin komai ba, na Inna Auta daban ne. Goggo ta ce ta ji.

Ta dawo zaman kallo, muka ƙarasa masu tafiya. Goggo ba ta ƙara cewa a tsayar ba. Da mata suka aiko tambaya a kansa, ta ce a kalla, yana koya wa mutum ya riƙe na kusa da shi, amma a kalla da babba a ɗaki. Bayan shi ta ce a nemo mana abin dariya, mun gaji da ƙanƙara.

An kwance ɗorin, hannun ya warke amma bai koma kamar da ba. Bayan girbi wata safiya ina gidan ina taya su tsince wake, sai ga wani magidanci daga Yerimaram ya yi sallama a zaure. Ya ce yayarsa ce ta rasu, mai wankan unguwarsu ba ta jin daɗi, an ce ya zo Dogo Nini ya nemi Maman Jamalu. Goggo tana jin sunan da ya kira, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Raudatu ta tsaya da ludayi a hannu. Ta tambaye shi shekarun matar, da ko doguwar jinya ta yi, da ko an samu likkafani. Ya amsa. Ta ce ya je ya sa a ɗora ruwa, ga ta nan. Ta rufe ƙullun awarar da faifai, ta wanke hannu, ta ɗauko hijabinta. Goggo ta yunƙura kamar za ta tashi, Raudatu ta ce ta zauna, hannun nan bai gama ƙwari ba, in akwai abin da ya shige mata za ta tambaya in ta dawo. Sai ta juyo gare ni ta ce in ɗauko moɗata.

A cikin keke, muna ratsa kasuwa, ta matso kusa da kunnena ta ce tana so ta roƙe ni wani abu, kada in ji haushi. Ta ce ina saurin zuba ruwa, na saba da hannun Goggo, ita kuma ba ta kai nan ba tukuna. In riƙa jira sai ta ce.

Na ce to.